Wata huɗu ina cin abincin buka a Ibadan

Ranar da na sauka a tashar Ojoo da asuba, cikin watan Janairun 2023, bayan mun kwana muna tafiya ta Mokwa da Jebba da Ilori, rabin jakata abinci ne. Akwai dambun nama da maman Ilham ta kwana tana yi, akwai yajin ƙuli, akwai garin kunun tsamiya, ga kuma kuka da daddawa da Hajiyarmu ta dage sai na taho da su duk da na faɗa mata ɗakin da zan sauka ko risho babu. Tace ba komai ka dai riƙe, garin mutane za ka, kuma ka kula da abin da za ka sa a bakinka. Ita a lokacin abin da ta fi sani game da Ibadan, ko Badun kamar yadda take faɗa, shi ne rikicin kasuwar Shasha na 2021 da ta ji a rediyo, shi ya sa tun da aka ce wajen aiki sun mayar da ni can hankalinta bai kwanta ba.

Aikin nawa na lissafin kuɗi ne a wani kamfanin abincin kaji da ke wajajen Oluyole, duk wanda ya taɓa kiwon kaji a Kano ya san 'yan tsaki daga Ibadan ake lodo su, to harkar a can take. Shirin da muka yi shi ne in fara zuwa ni kaɗai in nemi gida, in an biya kuɗin haya da na ejan sai iyali su biyo ni. Na ɗauka abin sati shida ne, ashe sai ya ci wata huɗu, kuma a wata huɗun nan kusan duk lomar da na kai baki siyanta na yi.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba ba lallai ya gane nauyin wannan maganar ba. Mu a wajenmu magidanci ba ya zama a gidan abinci. Abbanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin da wani abu a Kantin Kwari, ban taɓa jin ya sayi shinkafa a kasuwa ba, kullum da azahar almajirin gidanmu ne zai kai masa fulas ya buɗe su ci da yaran shago da maƙwabta. In aka ga mai iyali zaune a bencin mai tuwo sai an tambaya ko lafiya, ko uwargida ce ta yi yaji. Tsire da balangu ne kawai babu kunya a sayensu, su ma ƙunsowa za ka yi ka kai gida. Da wannan tarbiyyar na shiga garin da za ka ga ma'aikacin banki ya naɗe hannun riga ya bi layi da kwano a hannu a bayan ɗan acaɓa, kuma ko kallo bai ishi kowa ba.

Sati ukun farko duk a Sabo na yi su. Wani ɗan unguwarmu da ke harkar canji ne ya ba ni ɗaki a gidan da suke haya, Allah ya saka masa da alheri. Sabo unguwar Hausawa ce tun 1916, tana nan jikin Mokola, kakannin mutanen wajen fataucin goro da shanu ne ya kawo su, za ka haɗu da dattijo yana Hausa tar yana Yarabanci tar alhali bai taɓa yin wata guda a Arewa ba. Da safe in zauna wajen mai shayi in sha da biredi da ƙwai, wata rana koko da ƙosai, wata rana waina da miyar taushe. Da dare kuwa hayaƙin masu tsire ne ke rufe titin, Yarabawa na ta faka motoci suna sayen suya, ni kuma in lallaɓa wani lungu inda wata baiwar Allah ke sayar da tuwon shinkafa. Gaskiya wainar Sabo ta yi, ba ni da abin cewa a kanta. Miyar kukar ce dai ba ta kai ta gida ba, ta cika ruwa kuma babu man shanu, amma ni a lokacin ba miyar nake bi ba, jin ana Hausa a gefena nake bi, a ce min sannu da zuwa Malam ya aiki, sai in ji kamar a Fagge nake.

Matsalar ita ce rana. Daga Sabo zuwa wajen aikinmu sai ka shiga irin ƙananan tasi ɗin nan Micra ka bi ta Dugbe ka wuce dogon benen Cocoa House ka sake hawa wata, ba zai yiwu in dawo cin abincin rana in koma ba. Sai ya zama daga shayin safe sai biskit da lemon kwalba har magariba. Ƙarfe ɗaya na yi abokan aiki za su fara fita biyu-biyu uku-uku, duk wanda ya wuce ta gaban teburina sai yace e wa jeun, wato bismillah zo mu ci, ni kuma in ce na gode na ƙoshi. Ban ƙoshi ba wallahi. Tsoro nake, ban san wa ya yanka naman ba, na kuma sha jin labarin barkonon Yarabawa, sannan in faɗi gaskiya amalar kanta ban taɓa mata kallon abinci ba, mun tashi muna jin ana kushe ta ana cewa baƙin tuwo da miya mai yauƙi, alhali mu ma da kuɓewa da karkashi aka raine mu. Kafin wata ya ƙare olsata ta tashi, wandona ya fara min yawa, maman Ilham ta gani a bidiyo kol tace Abban Ilham wai ba ka cin abinci ne.

Akwai wani abokin aikinmu mutumin Oyo, kowa Alfa yake ce masa saboda shi ke jan mu sallah a ɗan masallacin bayan ofis. Wata Talata bayan mun idar da azahar muna sa takalmi sai yace Malam, kai kullum azumi kake ne, ko Litinin da Alhamis ba su ishe ka ba. Na yi murmushi na faɗa masa damuwata a kan nama ba ɓoye-ɓoye. Bai ji haushi ba ko kaɗan, yace saniyar da kake gudu ɗan'uwanka ne ya loɗo ta a tirela daga Arewa, wanda ya yanka ta Musulmi ne, matar da ta dafa kuma ta riga ni da kai zuwa Makka, taso mu je.

Wajen ba shi da allo ba shi da suna, buka kawai suke cewa, ni kuma kunnena bukka yake ji don kusan ita ce. Rumfar kwano ce da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin, da bencina da dogayen tebura an shimfiɗa musu leda. A baya murhu uku na icce suna ci, mata biyu na tuƙi da muciya mai girman taɓarya, sun danne tukunyar da ƙafa, gumi na zuba, kana jin ƙarar amalar tana bugun gefen tukunya fat fat fat. Mai wajen, Alhaja, tana zaune a kujera gaban tukwanen miya da jakar kuɗi ɗaure a ƙugu, in ta yi dariya haƙorin Makka ya haska, a gefe kuma ga butoci ga tabarmar sallah a naɗe. Ganin butocin nan ya sauke min rabin nauyin da ke ƙirjina. Alfa ya rusuna har sai da hannunsa ya taɓa ƙasa ya gaishe ta, ni ma na rusuna nace ina wuni Mama, sai ta amsa da Hausar kasuwa, lafiya lau Malam, sannu, zauna. Daga baya na gane a wajen masu wake da tattasai da albasa na kasuwar Bodija ta koya, ta iya nawa ne, ta iya albarka, ta iya ƙara min gyara.

Tsarin shi ne ka ɗauki kwano ka bi layi. Mace ta farko za ta kwaso amala da wani ɗan ɓallin ƙwarya, su igbako suke ce masa, mu kuma mara ce sak irin wadda Hajiyarmu ke kwashe tuwo da ita, ka faɗi guda nawa kake so tana zubawa tana ƙirgawa. Ta biyu ta zuba wata miya ruwan ɗorawa mai kauri a gefe ɗaya, ta zuba koriya mai yauƙi a ɗaya gefen, sannan ta kawo jar miya ta malala a sama, haɗin ukun nan shi ake kira abula. Daga nan sai tukunyar nama, nan kuma da yatsa ake ciniki, ka nuna a tsamo maka, kowane yanka da kuɗinsa. Naman akuya ogunfe, ganda ponmo, tumbi shaki, hanta edo, huhu fuku, duk a ranar Alfa ya jero min su amma sai da na yi sati biyu kafin su zauna min.

Tun kafin in zauna hancina ya kama wani ƙamshi da na sani. Nace Alfa wannan ai daddawa ce, yace iru ke nan. Kalwa ce dai ta ɗorawa irin tamu, bambancin su ba sa daka ta su mulmula, a warware suke barinta kana ganin 'ya'yan a cikin miya. Koriyar miyar da ake ta faɗa min ewedu ewedu, na ɗanɗana na ji lalo ne, lalon da ke fitowa a bayan gidanmu da damina, har kanwa suna sa masa suna ce mata kaun, sai dai maimakon maburgi wata 'yar guntuwar tsintsiya suke amfani da ita mai suna ijabe su yi ta sassara ganyen a cikin tukunya har ya mutu. Ruwan ɗorawar kuma, gbegiri, miyar wake ce, an surfe waken an dafa shi ya yi luguf an tace an sa manja. Garin amalar kansa elubo suke ce masa, ka ji alabo ke nan, sai dai namu na rogo ne, nasu baƙin na doya ne da aka fere aka yanka aka ɗan turara a ruwan zafi aka shanya, wajen bushewar ne yake yin duhu. Na rogon ma suna da shi, lafun, shi fari ne. Na zauna ina kallon kwanon nan ina mamakin yadda na yi sati uku ina gudun lalo da miyar wake da daddawa.

Lomar farko zafi ne ya fara gaishe ni, don amala daga wuta ake cinta, in ta huce ta tashi daga aiki. Tana da laushi fiye da duk wani tuwo da na sani, ba ta son tauna, tana da wani ɗan bauri-bauri a ƙarshen harshe wanda zaƙin miyar waken ke rufewa, lalon kuma shi ke tura ta ta wuce. Barkonon sai a loma ta huɗu ko ta biyar ya iso, kuma ba ƙarya aka yi ba akwai shi, attaruhu ne zalla, na yi gumi har rigata ta jiƙe. Alhaja ta hango ni ta aiko yarinya da fiya wata guda biyu tana cewa pele Malam, sannu sannu, ta kuma ce wa mai zuba miyar gobe a rage min ja a ƙara wake. Na cinye tas na ƙara mara ɗaya. Ranar da na koma ofis na yi aikin da ban yi ba tun zuwana, da dare kuma ko wajen mai tuwon Sabo ban nema ba.

Daga nan kullum ne. Ban cika sati biyu da fara zuwa ba sai ga wahalar canjin kuɗi ta kankama, wanda ya ga watan Fabrairun 2023 ba sai an ba shi labari ba, tsofaffin takardu ana gudunsu sababbi babu, layin banki tun asuba, masu POS sun tsawwala, a Ibadan har zanga-zanga aka yi aka ƙona tayoyi a titi. Alhaja da ba ta taɓa karɓar tiransifa ba dole ta sa aka rubuta lambar akawun ɗin 'yarta a jikin kwali aka rataye. Wata rana na ci na ƙoshi na ciro waya, na tura ya ƙi, na sake ya ƙi, sau huɗu, sabis ɗin banki ya ɗauke gaba ɗaya, aljihuna ko naira hamsin babu, Alfa kuma ranar bai zo aiki ba. Na tsaya gabanta na rasa da wane baki zan fara, ga layi a bayana, ga ni baƙo Bahaushe da ba ta san inda nake kwana ba. Ta kalli wayar ta kalle ni tace Malam tafi, gobe. Nace Mama bari in bar agogona, sai ta ɓata rai sosai ta yi wata magana da Yarabanci da sauri wadda wani a layin ya fassara min, wai tace ita abinci take sayarwa ba agogo ba, kuma in gobe ma bai tafi ba in zo in ci. Kwana uku a jere ina ci tana sa 'yarta na rubutawa a bayan wani littafin makaranta, ba ni kaɗai ba ma, shafin cike yake da sunaye, ni an rubuta Malam kawai. Ranar da kuɗin ya fita na biya har da ɗan ƙari ta mayar min da ƙarin ta hanyar tsoma min ganda biyu a kwano. Na kira Hajiyarmu na ba ta labari, ta yi shiru can tace Allah ya yi mata albarka, ka ce ina gaishe ta.

Wannan abin ne ya cire min sauran ɗari-ɗarin, sai na mayar da Asabar ranar yawo. In shiga Micra in sauka inda ban sani ba in bi hancina. Na je Amala Skye a Bodija da kowa ke ta faɗa, sunan ya samo asali ne daga bankin da ke kusa da wajen, bankin ya canza suna tun 2018 amma amalar ta riƙe nata, wajen cike yake da manyan motoci da 'yan jami'a da baƙi daga Legas, naman akuyarsu ya dahu ya yi daɗi ƙwarai. Wata Juma'a kuma na yi sallah a babban masallacin Oja'ba, na hau tudun Mapo inda tsohon ɗakin taron nan na 1929 yake, daga can kana hango rufin kwanon garin ja-ja da tsatsa har iya ganinka, da na sauko na faɗa wata 'yar rumfa a lungu sai na ji wani yana cewa a ba shi tuwo. Na ɗauka kunnena ne, ashe tuwon masara ne kuma sunansa ke nan a bakinsu, da gbegiri da ewedu suke ci, mai laushi ruɓus ba irin namu mai tauri da ake ɗumame da shi ba. Na ci na yi ta tunanin wa ya koya wa wani tsakaninmu da su.

Wasu abubuwan na wuce su da sauri. Sakwararsu da miyar ganye ba ta da matsala amma nauyi take min da rana. Wake da biredi, wanda suke kira ewa agoyin, wake ne da ya dahu ya narke da wani baƙin soyayyen barkono a manja, shi na mayar karin kumallon Lahadi. Gasasshiyar agada da gyaɗa a bakin titi da yamma, soyayyiyar doya da ƙosai, duk na saba. Shinkafar ofada ce har yau ba mu shirya ba, ana zuba ta a ganye da miyar koren tattasai da dafaffen ƙwai, mutane na mutuwar sonta, ni kuwa warin jiƙon da ke jikinta ya ƙi bin hancina, na gwada sau uku na haƙura.

Ba kuma ko'ina ne alheri ba. Wata rana na dawo daga aiki a makare na tsaya a wata rumfa kusa da wata tasha, babu kowa a ciki, wutar murhu ta mutu, miyar ta yi sanyi manja ya kwanta a sama, ga ƙudaje, zuciyata ta ce kar ka ci amma yunwa ta fi ƙarfina. Kwana biyu na yi ina zarya har sai da aka ƙara min ruwa a wani kemis. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, inda babu layi ba na zama, inda ban ga wuta na ci ba ba na zama, kuma abincin buka tsakanin sha biyu da uku ake cinsa. Ruwan wanke hannu na baho ɗaya da kowa ke tsomawa shi ma ba na so, gara a zuba min daga buta. Akwai kuma wata rumfa da na leƙa wajajen Eleyele na hango dodon koɗi da naman daji da jarkokin bammi, kafin in buɗe baki matar da kanta ta dubi hulata tace min Alfa, wato malam, tukunyata ba taka ba ce, ta nuna min wata rumfar a gaba tace can ka je. Na ji daɗin gaskiyarta har raina, da ta so ai sai ta karɓi kuɗina ta yi shiru.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kalmar aboki in an faɗe ta da wata irin murya. Kalma ce mai kyau a harshenmu amma akwai yadda wasu ke jefo ta ka san raini ne, musamman a kwanakin zaɓe da kowa ke a wuya. Wani matashi ya taɓa yi min haka a wajen Alhaja yana kwaikwayon maganar Hausawa abokansa na dariya, ban tanka ba, ita ce ta daka masa tsawa daga inda take zaune har sai da ya sunkuyar da kai ya zo yace in yi haƙuri. A rumfar nan Malam ake ce min, kuma yanzu har masu tuƙin sun san mara uku nake ci da akuya ɗaya da ganda ɗaya.

Alfa ne ya ba ni labarin marigayi Lamidi Adedibu, babban ɗan siyasar Ibadan da ya rasu a 2008, wanda gidansa na Molete kullum ake tuƙa amala da gbegiri duk wanda ya shigo ya ci, har aka riƙa kiran salon nasa siyasar amala. Mutane sun sha bamban a kansa sosai, amma ni abin da labarin ya tuna min shi ne zauren masu hali a cikin birni a da, inda ake fito da akussan tuwo bayan magariba ba a tambayar kowa daga ina yake.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, lokacin ruwa ya fara sauka a can alhali a Kano ana tsakiyar zafi. Nan kewar gida ta dawo min sabuwa, don buɗa baki kai kaɗai ba daɗi. Wasu ranakun in koma Sabo in sha kunun tsamiya da ƙosai, a nan ne ma garin kunun da na taho da shi ya yi rana, na ba matar maƙwabcinmu tana dama mana. Wasu ranakun kuma a masallacin bayan ofis muke sha, kowa ya kawo abin da ya samu, koko da suke kira ogi, alale, kankana, abarba mai arha da zaƙi irin wadda ban taɓa sha a Arewa ba. Alhaja takan ajiye min amalata a kula in karɓa bayan la'asar, ba ta kai ta kan wuta daɗi ba amma ta fi indomi sau goma.

Gida dai sai bayan ƙaramar sallah na samu, wajajen Apata, ɗaki biyu da falo. Maman Ilham da yara suka iso cikin watan Mayu, tana saukowa daga mota ta dube ni sama da ƙasa tace Abban Ilham wa yake ba ka abinci haka, ni da nake ta tausayinka. Washegari na ɗauki kula na je na sayo musu abula. Ta buɗe ta daɗe tana kallo, ta ɗan lakata a yatsa, tace ikon Allah lalo ne fa da miyar wake, sai dai manjan ya yi yawa. Ilham kuwa ko tambaya ba ta yi ba ta sa hannu.

Da na ba ta labarin bashin kwana uku sai tace ai wannan ba a waya ake gode masa ba, ka kai ni in gaishe ta. Ranar Asabar da hantsi kafin mutane su cika muka je, ta tafi mata da dambun nama da kwalbar man shanu da turaren wuta. Alhaja ta taso daga kujerar nan da ban taɓa ganin ta bari ba ta rungume ta tana iyawo iyawo, wato amarya, ta ɗauki Ilham ta ɗora a cinya. Babu mai jin yaren wata sosai amma sun fi awa ɗaya a bayan rumfa wajen murhu, na hango an miƙa wa maman Ilham muciya ana nuna mata yadda ake zuba garin a tafasasshen ruwa a juya da sauri kafin ya yi gudaji. Da za mu tafi aka ba ta mudun elubo da sabuwar ijabe a leda. Tuƙin farko da ta yi a gida ya yi gudaji, na biyu ma haka, sai da ta koma sau biyu kafin hannunta ya faɗa.

Bayan cire tallafin mai komai ya tashi, marar amalar ta ƙanƙance, yankan naman ma haka, Alhaja da kanta take cewa Malam kasuwa ba daɗi, wake ya yi tsada. Yanzu kwana uku a sati da fulas nake tafiya ofis kamar yadda ake kai wa Abba, mu buɗe mu ci da Alfa, shi dambun shinkafa ne ya kama shi har matarsa ta aiko a rubuta mata yadda ake yi. Sauran kwana biyun muna wajen Alhaja. Kwanaki da na je Kano ganin Hajiya na yi sati biyu ban leƙa ba, ina dawowa mai gadin ofis yace min wata yarinya ta zo har sau biyu daga wajen mai amala, wai Mama tace a tambaya ko Malam lafiya.